Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisun dokoki kan haƙƙin masu sauya jinsi

Masu girma 'yan majalisa, ranku ya daɗe, ina gaisuwa.

Na san batun da zan ɗauko ba irin wanda ɗan siyasa yake so a ji bakinsa a ciki ba ne, ba ya kawo ƙuri'a, sau da yawa ma rage ta yake yi, amma tunda alƙalamin rubuta doka a hannunku yake to ku ɗin dai za a faɗa wa. Maganar masu sauya jinsi ce, mutanen da aka rubuta namiji ko mace a takardar haihuwarsu amma suka taso suna jin kansu a ɗaya ɓangaren kuma suke rayuwa a haka. Ba mata-maza nake nufi ba, waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ba, wannan al'amari ne daban, duk da cewa wulaƙancin da suke sha a gaban hukuma sau tari kusan iri ɗaya ne.

Ban zo in ce ku canza aƙidarku ba. Da yawanku kuna ganin abin ya saɓa wa addini ko tarbiyya, wannan tsakaninku ne da imaninku, ba ni da ikon shiga. Tambayata guda ce, wanda kuke ganin ya kauce ɗin, ya tashi daga ɗan adam ne? In an daɓa masa wuƙa a bincika ko a share? In an kawo shi asibiti jini na zuba a duba shi ko a tsaya ana dariya?

Ba ƙirƙirar wannan tambaya na yi ba fa. A watan Agustan 1995 a birnin Washington na Amurka, wata mai suna Tyra Hunter ta yi hatsarin mota, ma'aikatan agaji suka zo suka fara ba ta taimako, da suka yanke wandonta suka ga halittar namiji sai suka ja da baya suna zolaya, tana kwance a bakin titi mutane na roƙonsu su ci gaba, ta kuma rasu a asibiti a ranar. A 1998 kotu ta ce a biya mahaifiyarta diyyar kusan dala miliyan 2.9, amma wane kuɗi ne zai dawo wa uwa da abin da ta haifa? Bayan shekara 21, a watan Mayun 2016 a Peshawar ta Pakistan, aka harbi wata mai sauya jinsi mai suna Alisha, 'yar shekara 23, aka garzaya da ita babban asibiti, abokanta da suka raka ta suka ce ma'aikata sun tsaya gardamar ɗakin maza za a kai ta ko na mata, maza suka ce ba a nan ba, mata suka ce ba a nan ba, bayan 'yan kwanaki ta cika. Ƙasashe biyu da ba su haɗa yare ko addini ko arziki ba amma ciwon ɗaya ne, kuma wallahi ban san wani malami ko fasto mai tsoron Allah da zai ce daidai ne a bar mutum ya mutu don an rasa gadon da za a kwantar da shi ba. Layi ɗaya a doka da zai ce haramun ne ma'aikacin lafiya ya ƙi duba mara lafiya saboda kamanninsa ko abin da ke katinsa, tare da hukunci ga wanda ya saɓa, ba zai taɓa aƙidar kowa ba.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni, dokokin da ke hukunta mutum saboda shigarsa. Ana yawan cewa waɗannan dokoki kariya ce ga al'ada daga baƙin abubuwan Turawa, to amma ku duba tarihinsu ku ga wa ya kawo da yawansu. A Indiya Turawan mulkin mallaka na Ingila ne suka kafa doka a 1871 wadda ta sa aka riƙa rajistar waɗanda ake kira hijra a can, wato mutanen da galibi aka haifa maza suke rayuwa a mata, kamar masu laifi tun daga haihuwa, aka hana su fita bainar jama'a da kayan mata ko yin rawa, da barazanar ɗaurin da zai iya kai shekara 2, alhali mutanen nan sun yi ɗaruruwan shekaru a cikin al'ummarsu kafin Bature ya sa ƙafa. A Guyana ma dokar da ta hana namiji sa kayan mata a waje don abin da ta kira manufar da ba ta dace ba, ta 1893 ce, ta zamanin mulkin mallaka, an yi ta ne a cikin jerin dokokin takura wa talakawa da 'ya'yan bayin da aka 'yanta. Da ita aka kama wasu a Georgetown a 2009 aka ci su tara, suka ƙi haƙura suka bi shari'a har kotun ƙoli ta yankin Karebiyan, wadda a watan Nuwamban 2018 ta soke dokar, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilanta shi ne dokar ba ta fayyace komai ba, mutum ba zai iya sanin yaushe ya karya ta ba, ɗan sanda ne kawai zai yanke a ransa.

Wannan dalilin ku riƙe shi da kyau don shi ne zuciyar maganar. Kuwaiti ta gwada, a 2007 ta gyara sashe na 198 na dokar laifukanta ta sa kwaikwayon ɗaya jinsin ya zama laifi mai ɗaurin har shekara guda. Me ya biyo baya? Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan waɗanda aka kama a rahotonta na 2012, duka a sel, tuɓe mutum tsirara ana ɗaukarsa hoto, 'yan sanda na neman lalata da wanda suka kama a matsayin kuɗin saki, wasu ma da kayan maza aka kama su don kawai an ce muryarsu ko fatarsu ta yi laushi. A watan Fabrairun 2022 kotun tsarin mulkin Kuwaiti, ba ta Faransa ko Amurka ba, ta soke wannan tanadi saboda ba shi da ma'auni. To ina ma'aunin zai fito? Wa zai ce ga iyakar tsawon gashin namiji, ko ga irin tafiyar da ta zama ta mace? Macen da Allah ya yi ta da kakkaurar murya ko gashi a haɓa fa, ko saurayin da aka halitta da sanyin jiki bai taɓa tunanin sauya komai ba? Duk suna cikin ragar. Doka irin wannan ba ta gyara tarbiyyar kowa, abin da take yi shi ne buɗe wa ɓata-garin jami'ai hanyar karɓar na goro da cin zarafi, ta kuma gaya wa 'yan daba cewa wannan mutumin ko an taɓa shi ba inda zai kai ƙara.

Ku dubi abin da ya faru a Duwala ta Kamaru a 2021. An kama wasu masu sauya jinsi biyu, Shakiro da Patricia, suna zaune a gidan cin abinci a watan Fabrairu, a watan Mayu aka yanke musu shekara 5 kowacce, da aka sake su a Yuli kafin sauraron ɗaukaka ƙara, ba a rufa wata guda ba gungun matasa suka fizgo su daga tasi suka tuɓe su suka lakaɗa musu duka ana ɗauka a waya ana yaɗawa. Masu cin abinci aka ba shekara 5. An bar jaki ana dukan taiki kenan, kuma duk matashin da ya kalli wannan bidiyo ya koyi darasin wanda doka take tsoron taɓawa da wanda ba ta damu da shi ba.

Cikin tuhumar da aka yi musu har da rashin katin shaida, kuma wannan ya kawo ni kan matsalar takardu, wadda mutane ba sa ganin girmanta don su ba ta taɓa cizonsu ba. Ku ɗan lissafa sau nawa ake ce wa mutum kawo katinka. Buɗe asusun banki, rajistar layin waya, karɓar haya, shingen 'yan sanda, filin jirgi, rumfar zaɓe, intabiyun aiki, ɗakin jarrabawa. Yanzu a ce fuskarka da shigarka da sunan da kowa ke kiranka da shi suna faɗin abu ɗaya, katin kuma yana faɗin wani, kowane miƙa kati ya zama tonon asiri a gaban baƙo wanda ba ka san me zai yi ba, zai iya kiran abokan aikinsa su zo kallo, zai iya cewa katin sata ne, zai iya bin ka waje. Da yawa sai su daina zuwa wuraren nan gaba ɗaya, ba banki ba asibiti ba makaranta, sai rayuwa a ɓoye. Sashe na 6 na sanarwar haƙƙin ɗan adam ta duniya ta 1948, wadda kusan duk ƙasashenku ke ambato a jawabai, cewa ya yi kowa na da haƙƙin doka ta san da shi a matsayin mutum a ko'ina yake. Wanda katinsa ya zame masa abin tsoro, doka ta san da shi kuwa?

Kuma ba ƙasashen Turai kaɗai suka gane haka ba. A Kenya, Audrey Mbugua ta kasa samun aiki da satifiket ɗin sakandarenta saboda tsohon suna ne a kai, ta kai hukumar jarrabawa ƙara, a 2014 babbar kotu ta ba da umarnin a ba ta sabon satifiket da sabon sunanta ba tare da alamar jinsi ba. A Botswana a 2017 babbar kotu ta umarci hukuma ta gyara katin wani da aka haifa mace yake rayuwa a namiji, ta ce hana shi keta mutuncinsa ne da sirrinsa. Afirka ta Kudu tana da doka kan wannan tun 2003. Kotun ƙolin Indiya a 2014 ta amince da jinsi na uku. Ajantina ita ce ta fi zuwa nesa, a 2012 ta ce baligi ya je ofishin rajista ya gyara takardarsa ba sai da tiyata ko izinin alƙali ba, kuma a majalisar dattawansu ba a samu ko mutum ɗaya da ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa ba. Ban ce dole ku kwafi ta Ajantina ba, kowace ƙasa da yanayinta, wata za ta so takardar likita, wata ta so lokacin jira, wata ta tsaya a canza suna da hoto kawai, ko ta cire layin jinsi daga katin da ba ya buƙatarsa. Amma a ce babu hanya ko ɗaya, kamar yadda Hungary ta rufe ƙofar a 2020, Rasha ma ta bi sahu a 2023, wannan yanke wa mutum hukuncin zama ɗan ɓoye ne har ya mutu.

In kuma za ku buɗe hanya don Allah kar ku maimaita zaluncin da wasu suka yi suka dawo suna neman gafara. Sweden ta fara yarda da gyaran takarda tun 1972 amma da sharaɗin sai an kashe wa mutum ƙwayar haihuwa, haka aka yi ta yi har 2013, daga baya a 2018 majalisarsu ta amince a biya kowane wanda aka yi wa haka krona 225,000. Holan ta yi irin wannan daga 1985 zuwa 2014, a 2020 gwamnati ta fito ta ba da haƙuri ta ware yuro 5,000 ga kowanne. Kotun haƙƙin ɗan adam ta Turai ta haramta sharaɗin a 2017 a shari'ar da aka yi da Faransa, kotun ƙolin Japan ma ta soke nata a watan Oktoban 2023. Hukuma ta ce ko katinka ko zuri'arka, zaɓi ɗaya, haba, wannan ko da wane suna aka kira shi zalunci ne.

Sai batun abinci, wato aiki. Aimee Stephens ta yi shekaru tana aiki a wani kamfanin shirya jana'iza a jihar Michigan ba a taɓa kuka da aikinta ba, a 2013 ta rubuta wa maigidan cewa za ta fara zuwa aiki a matsayin mace, cikin mako biyu ya sallame ta. Shari'ar ta kai kotun ƙolin Amurka, a watan Yunin 2020 alƙalai 6 cikin 9 suka ce korar ta saɓa wa dokar haƙƙin jama'a ta 1964, kuma wanda ya rubuta hukuncin, Neil Gorsuch, mai ra'ayin riƙau ne wanda Trump da kansa ya naɗa. Ita dai ba ta ji hukuncin ba, ta rasu wata guda kafin a karanta shi. Wannan a ƙasar da ake da lauyoyi da ƙungiyoyin da za su tsaya wa mutum shekara bakwai kenan, to ina ga inda babu?

Yadda abin ke tafiya a mafi yawan wurare ba ɓoyayye ba ne. Gida su kore ka tun kana ɗan shekara sha, makaranta ta gagara saboda tsangwama, mai aiki ya ga kati ya ce za mu kira ka, mai gidan haya ya ce an riga an kama, ƙarshe titi ya rage, bara ko karuwanci, sannan al'ummar da ta toshe duk sauran ƙofofin ta juyo ta nuna da yatsa ta ce kun gani ai dama 'yan iska ne. Alƙaluman UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, sun nuna haɗarin kamuwa da cutar HIV ga matan da suka sauya jinsi ya ninka na sauran manya fiye da sau 10, kuma wanda ke tsoron layin asibiti ba zai je gwaji ba balle karɓar magani, ciwon kuma ba a kansa kaɗai zai tsaya ba. Ko don lafiyar sauran jama'a ya kamata wannan ya dame ku. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2019 ta cire lamarin daga jerin cututtukan taɓin hankali, saboda haka hujjar tsare mutum ko ɗaure shi da sunan magani ma ta faɗi.

Kisa shi ne ƙarshen layin. Ƙungiyar TGEU da ke tattara rahotannin kisan masu sauya jinsi tun 2008 ta lissafa sama da 5,000 zuwa 2024, Brazil ce kan gaba kusan kowace shekara, kuma wannan waɗanda labarinsu ya fito ne kawai, ƙasashen da ba a rubutawa ba su shiga lissafi ba. Abin da ya fi ci mini rai ba yawan ba ne, yadda ake rufe fayil ne. An harbe Vicky Hernández a San Pedro Sula ta Honduras a daren juyin mulkin watan Yunin 2009, lokacin dokar hana fita, lokacin da jami'an tsaro ne ke riƙe da tituna, ba a yi binciken kirki ba, iyalinta suka yi shekara 12 suna bin kadi kafin kotun haƙƙin ɗan adam ta nahiyar Amurka a 2021 ta ɗora wa gwamnatin alhaki. Hukumar haƙƙin ɗan adam ta Afirka ma a ƙudurinta mai lamba 275 da ta zartar a Luanda a 2014 ta nemi ƙasashe su hana irin wannan cin zarafi su kuma hukunta masu yi, ko da zargin mutum kawai aka yi. Ba ta ce a yi auren kowa ba, cewa ta yi kar a kashe, in an kashe a bincika. Ku kuma lura da tarkon da Indiya ta faɗa, dokarta ta 2019 ta sa iyakar hukuncin cin zarafin mai sauya jinsi, har da na lalata, shekara 2, alhali fyaɗe ga sauran mata mafi ƙarancinsa shekara 10 ne. Wato dokar da aka yi don kariya ita ce ta rubuta cewa jikin wani ya fi na wani araha.

Ba zan ɓoye muku cewa akwai wuraren da maganar ke da wuya da gaske ba. Gasar wasannin mata, maganin da ake ba yaran da ba su balaga ba, ɗakunan da mata ke tuɓewa, gidajen fakewar matan da aka ci zarafinsu, a nan akwai haƙƙoƙi biyu da ke gogayya, kuma macen da ta ce tana tsoro ba maƙiyiya ba ce, a saurare ta. Kotun ƙolin Birtaniya a watan Afrilun 2025 ta ce mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace, amma a cikin hukuncin nan dai ta jaddada cewa dokar na ci gaba da kare masu sauya jinsi daga wariya da tsangwama, wannan rabin ne mutane ba sa son karantawa. A Pakistan kotun shari'ar Musulunci ta tarayya a 2023 ta soke sassan dokar 2018 da suka ba mutum damar zaɓar jinsinsa da kansa. Za ku iya tsayawa a duk inda hujja ta kai ku a waɗannan, ni ma ina da inda na tsaya a wasu ina kuma jin nauyin hujjar ɗaya ɓangaren. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki gardamar tseren mita 100 a mai da ita dalilin hana mutum gadon asibiti ko ɗakin haya. Duk addinin da na sani ya hana ƙin mutum ya sa a ƙi yi masa adalci.

Gidan yari ma haka. An ga kuskure ta ɓangare ɗaya a Scotland a farkon 2023, da aka fara kai wani mai sauya jinsi da aka samu da laifin fyaɗe kurkukun mata kafin a janye, kuma daidai ne da aka janye. Amma kuskuren ɗaya ɓangaren ya fi yawa nesa ba kusa ba, ba a dai ba da labarinsa ne, a jefa mai siffar mace cikin ɗakin maza masu yawa a kulle ƙofa a tafi, kowa ya san me zai faru a daren, ko kuma a ce don kare shi an sa shi ɗakin kaɗaici wata da watanni, alhali ƙa'idojin Mandela na kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun haramta kaɗaicin da ya wuce kwana 15 a jere. Alƙali ɗauri ya yanke, bai yanke fyaɗe ba. A duba kowane fursuna da laifinsa da haɗarin da yake ciki da wanda zai iya jawo wa wasu, a samar da ɓangare na musamman in ya kama, wannan aikin dokar gidajen yari ne kuma a teburinku take.

Saboda haka ranku ya daɗe, in ƙudurin hukunta shiga ya zo gabanku ku tambayi mai kawo shi wa zai auna kuma da me, in akwai tsohuwar irinta a littafinku ku soke ta. Ku sa hana magani da korar aiki da korar haya saboda wannan dalili su zama abin da mutum zai iya kai ƙara a kai. Ku tilasta wa 'yan sanda buɗe fayil su kuma kawo muku rahoton inda bincike ya tsaya duk shekara. Kafin kuma ku kaɗa ƙuri'a kan duk wata doka da ta shafe su, ku kira su zaman jin bahasi kamar yadda kuke kiran 'yan kasuwa da malamai da likitoci in doka ta shafe su, ku ba su damar magana a asirce in suna tsoron kyamara, ku kuma tabbatar ba a kama su a bakin ƙofar majalisa in sun fito ba.

Na gode da lokacinku.

Naku,
wani mai kaɗa ƙuri'a